Yadda ake auna gudun iska daga tauraron ɗan'adam

Malam, ka tambaya yadda masu hasashen yanayi suke sanin gudun iska a samaniyar Gombe, alhali tauraron ɗan'adam ba ya taɓa iskar. Gaskiya ne, ba iskar yake gani ba; gajimaren da take turawa yake bi.

Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna can sama da nisan kusan kilomita 36,000, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke kallon Afirka daga wuri ɗaya, suna ɗaukar hoto kowane minti 15, sabbin kuma kowane minti 10. Kwamfuta takan zaɓi wani gefen gajimare mai siffa fitacciya, ta neme shi a hotuna uku a jere. Idan ya matsa kilomita 9 yamma cikin minti 15, to iskar da ke ɗauke da shi tana gudun kilomita 36 a awa, daga gabas take kuma, kamar yadda hadarin damina ya saba taso mana.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne sanin tsayin da iskar take. Ana ƙiyasta shi daga sanyin kan gajimaren, domin mafi sanyi shi ne mafi nisa sama, kuma nan kuskure ya fi shiga. Akwai ma gajimaren da kan tsaya cik a kan tsauni alhali iska na kaɗawa ta cikinsa, wanda dole a cire shi daga lissafi.