Sun mare ta a makaranta, sun watsa bidiyon: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, 'yata mai shekara 14 tana wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. 'Yan ajinsu uku suka tare ta a bayan aji suka yi ta marin ta, ɗaya na ɗauka da waya. Bidiyon ya zagaya WhatsApp, yanzu har TikTok. Yau kwana goma ta ƙi zuwa makaranta, ko abinci sai da lallashi. Shugabar makarantar ta ce wasan yara ne, in yi haƙuri. Babanta kuwa ya rantse sai an ɗaure su. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Abin da aka yi mata ya wuce wasa. Mari da duka laifi ne a kundin hukunta laifuka na jihar Kaduna, kuma dokar hana cin zarafi da jihar ta kafa a 2018 ta haɗa har da zagi, wulaƙanci da tsoratarwa, ko da ba a taɓa jikin mutum ba.

Kafin komai, ki adana hujja. Ki ɗauki hoton saƙonnin yadda kwanan wata da lambar wanda ya turo za su fito, ki sauke bidiyon, sannan ki kai rahoto TikTok su cire shi. Kada ki sake tura shi ga kowa, ko 'yan uwa. Wayar da aka turo shi cikinta a ajiye ta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da hujja ta fito daga ciki kafin kotu ta karɓa. A kai yarinya asibitin gwamnati, likita ya rubuta abin da ya gani, har da rashin cin abincin nan.

Ga maigida kuma, sai ya sassauta. Gaskiya ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar aƙalla naira miliyan 25 ko duka biyun, amma ga wanda saƙonsa ya jefa wani cikin fargabar kisa ko rauni. Gyaran 2024 ma ya ƙara taƙaita sashen, ba kowane zagi ke shiga ciki ba. Sannan waɗannan yara ne. Dokar kare yara ta jihar Kaduna, ita ma ta 2018, ta ware musu tsarin shari'a dabam da na manya, wanda ya fi karkata ga gyaran hali. Kuna da ikon kai ƙara wurin 'yan sanda, musamman in ana ci gaba da barazana, sai dai da wuya a ƙare a gidan yari. Iyayensu ma ba a ɗora musu laifin 'ya'yansu kai tsaye, sai an nuna sun zuga su ko sun yi sakaci.

A ganina, makarantar ya kamata ku fuskanta. Daga lokacin da kika miƙa 'yarki a bakin ƙofa, amana ce a hannunsu, kuma doka ta ɗora musu kula da lafiyarta. Ina malamai suke lokacin da abin ya faru? Ta yaya waya ta shiga makaranta? An taɓa kai ƙorafin yaran nan a baya? Amsoshin nan su ne ƙarar diyya kan sakaci, wadda za ki shigar a madadin yarinyar tunda ba ta kai shekara 18 ba.

Ki bar maganar baki, na sha ganin shugaban makaranta ya musanta cewa an taɓa gaya masa. Ki rubuta takarda, ki faɗi abin da kuke nema: bincike, hukunta yaran bisa ƙa'idar makaranta, raba su aji, biyan kuɗin asibiti. Ki ba su mako ɗaya, su buga miki hatimi a kwafinki. In sun yi burus, ki aika wa Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Yawancin makarantun kuɗi a nan suke neman sulhu, don suna tsoron ɓacin suna. In aka zo sulhun, a rubuta shi, kowa ya sa hannu.

Ki ja kunnen yayyenta kada su tare yaran a hanya ko su sa hotunansu a Facebook, don nan take mai ƙara zai koma wanda ake ƙara. In kuɗin lauya ya yi nauyi, ki nemi ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Kaduna, suna karɓar shari'ar mata da yara kyauta.