Amsa ga uwar da ɗanta bai fara magana ba

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya cika shekara biyu bai fara magana ba, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, a gida kuma ana cewa nauyin baki ne irin na 'ya'ya maza. Don Allah ki kai shi a duba shi yanzu, kada ki jira sai ya shiga makaranta.

Da kunne ake farawa. Yaron da ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na yawan zubar da mugunya, yana iya rasa ji ba a lura ba. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, don yakan ga inuwa ya juyo. Ki nemi gwajin ji na na'ura a sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Sai takardar tantance galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da cuɗanyar yaro da mutane) da ake kira M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30. Tambaya 20 ce, e ko a'a. In kin nuna masa abu daga nesa, yana bin yatsanki da kallo? Yana kawo miki abu don kawai ki gani, ba don ki buɗe masa ba? Yana kara takalmi a kunne wai waya ce? Kowace amsa mai nuna matsala maki ɗaya ce. Maki 0 zuwa 2 babu damuwa sosai. Daga 3 zuwa 7 za a sake zama da ke a bi tambayoyin dalla-dalla, yara da yawa a nan suke fita daga zargi. Daga 8 sai a tura shi wurin ƙwararre kai tsaye.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen amsawa. Uwa, saboda tausayi, sai ta ce e don ya taɓa yi sau ɗaya watan jiya, alhali abin da ya saba yi kullum ake tambaya. In kaka ce ke wuni da shi, ku tafi tare. In an fassara miki tambaya cikin gaggawa ba ki gane ba, ki ce a ba ki misali. Kuma maki mai yawa ba hukunci ba ne, alama ce a zurfafa bincike.

Abu biyu ba sa jira ko mako ɗaya: yaron da ya iya "mama" da "ruwa" sannan suka ɓace masa, da wanda yake ƙamewa ya kafe ido na 'yan daƙiƙu ba ya amsawa, don wannan yana iya zama nau'in farfaɗiya. Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti.

Ki fara da likitan yara, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Kafin ranar, ki ɗauki bidiyonsa a waya na minti biyu zuwa uku yana wasa kina kiransa, domin a gaban baƙo yaro yakan maƙale wa uwarsa ya ƙi yin komai.