Tambayi Likita: Ƙoda, Fitsari Da Zafin Sakkwato

Wani ɗan kabu-kabu daga Mabera ya rubuto: "Likita, da bazara ta kama sai fitsarina ya ragu, ya yi ja kamar baƙin shayi. Ƙodata ce ta lalace?"

Malam, kwantar da hankalinka, sau da yawa wannan alama ce ta ƙoda mai aiki. Mutane kan ɗauka ƙoda rariya ce kawai. Aikinta ya fi kama da na mace mai gyaran hatsi: ta juye buhun gero a kan tabarma, ta tsince tsakuwa, ta mayar da tsaba buhu. Kullum ƙodojinka biyu na tace ruwa kusan lita 180 daga jini, wato jarka tara masu lita 20, amma abin da ke fita fitsari lita ɗaya da rabi ne ko makamancin haka. Sauran duk komawa jini yake, ta wasu siraran bututu da ba a gani sai da madubin likita, kimanin miliyan ɗaya a kowace ƙoda. Tun a farkon bututun ake tsotse kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri. A ƙarshensa kuma ake yanke shawara: idan ka wuni a kan babur cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, zufa na tsiyaya, ƙwaƙwalwa sai ta saki wani sinadari mai suna ADH, ya sa bututun ya riƙe ruwa iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa fitsarin ke yin kaɗan ya yi duhu. Ka riƙa shan ruwa har launinsa ya washe. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne haɗiyar Diclofenac ko Ibuprofen don ciwon jiki alhali ƙishirwa ta ci mutum, domin suna rage jinin da ke isa ƙoda. Don Allah a kiyaye. In kuwa ka ga jini, ko kumfa mai yawa, ko ƙafa ta kumbura, nufi asibiti.

Wata Hajiya daga Arkilla ta ce kiyashi na taruwa inda maigidanta ya yi fitsari, kuma yakan tashi sau huɗu da dare.

Hajiya, kada a yi wasa da wannan. Bututun nan yakan mayar da sukari jini ƙaf, amma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan sukarin jini ya haura kusan 180 a ma'aunin da ake gwadawa da digon jinin yatsa, ragowar sai ta zube cikin fitsari, ta janyo ruwa ta tafi da shi. Ga yawan fitsari, ga ƙishirwa. A gwada jininsa da safe kafin ya karya, cikin makon nan.

Wani ɗalibi ya tambayi dalilin da fitsari ke warin magani bayan shan Ampiclox. Ƙanena, bututun ba tsotsa kaɗai yake yi ba, yana kuma ɗebo abubuwa daga jini ya zuba su cikin fitsari, kamar Ampiclox da sauran magungunan dangin fenisilin. Ba matsala ba ce.

Wata uwa daga Runjin Sambo ta ce ɗanta mai sikila, ɗan shekara 9, har yanzu yana fitsarin kwance, dangi sun ce ta hana shi ruwa.

Baiwar Allah, kada ki hana shi ruwa, kuma kada a dake shi, ba ganganci yake yi ba. Sikila kan toshe ƙananan jijiyoyin jini da ke can tsakiyar ƙoda, inda ake tattara fitsari, sai ƙodar ta kasa riƙe ruwa ko da yaron na jin ƙishirwa. Hana shi sha na iya tayar masa da ciwon ƙashi. Ki ba shi ruwa sosai da rana, ki tashe shi ya yi fitsari kafin ki kwanta, sannan ki faɗa wa likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko inda kuke zuwa, a duba fitsarinsa.