Amsa Ga Yaya: Iyaye Da Kociyoyi A Filayen Wasan Yara A Ingila

Yaya, bidiyon da ka turo mini ba haɗi ba ne, irinsa na faruwa a ƙasar nan. Magidanta biyu su cakumi juna a bakin fili, yaran da ba su wuce shekara goma ba suna tsaye suna kallonsu. Ka tambaye ni me ke kai babban mutum filin ƙwallon yara har ya ba hammata iska, ka kuma tambaya ko mu Hausawan da ke zaune a nan muna cikin masu yi.

A gida ƙwallon yara ta yara ce. Ana yin la'asar sai fili, a ajiye takalma su zama raga, in rigima ta tashi mu kashe ta da kanmu, ko mai ƙwallo ya ɗauke abarsa kowa ya watse. In ka hango Baba tafe, gudu za ka yi. A nan kuwa da wuya yaro ya fita shi kaɗai ya buga. Kulob ake sa shi, a cike takardu, a riƙa biyan kuɗin wata, ranar Asabar ko Lahadi da sassafe uba ko uwa su ɗauke shi a mota zuwa wata unguwa, su tsaya cikin sanyi da yayyafi har a tashi. Kocin ma yawanci uban ɗaya daga cikin yaran ne, aikin sa kai yake yi bayan ya taso daga nasa aikin. Mai ɗaga tuta kuma kowane ɓangare ke ba da mutum ɗaya daga cikin iyaye. Ka ga ke nan duk wanda ke wurin yana da ɗa a cikin fili, in ban da mutum ɗaya, wato alƙalin wasa. Shi kuma sau da yawa yaro ne, domin daga shekara 14 ake ba da izinin alƙalanci.

Na taɓa ganin wani alƙali da bai wuce shekara 15 ba. Ya hura satar gida, sai wani ƙato mai furfura a gemu ya tako har cikin fili yana nuna shi da yatsa yana ashar. Yaron ya sa usur a baki zai hura, hannunsa na rawa, usur ɗin ya ƙi fita. Mahaifiyarsa tana cikin mota a gefe tana jiran ya gama ta mayar da shi gida. Kuɗin da zai karɓa a wannan wasa bai wuce na cin abincin rana na mutum biyu ba. Shi ya sa a yankuna da yawa ake ɗaura wa alƙalan da ba su kai 18 ba ƙyalle mai launi a hannu, don manya su tuna ɗan wani ne.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta daɗe tana fama. Tun 2008 ta fito da shirin da ta kira Respect, wato girmamawa, kuma daga nan ne aka fara ja wa iyaye igiya nesa da layin fili, su tsaya a bayanta. Wasannin 'yan ƙasa da shekara 11 ba a buga sakamakonsu a fili, ba a fitar da teburin wa ke sama wa ke ƙasa, duk don a rage zafin manya. Amma iyaye suna da nasu teburin a waya. A watan Maris na 2017 wani matashin alƙali daga nan Manchester, Ryan Hampson, yana da shekara 18, ya jagoranci yajin aikin alƙalai sama da 2,000 saboda duka da tofin yawu da suke sha. A Oktoban 2022 gasar yara ta Merseyside ta soke dukkan wasanninta na ƙarshen mako guda saboda halin manya. A Nuwamban shekarar FA ta ware ƙarshen mako na shiru a faɗin ƙasa: tafi kawai, ba ihu, ba koyarwa daga bakin fili. Ranar ne da yawanmu muka fara jin muryar yaranmu suna kiran juna a fili. Abin kuma bai tsaya a Ingila ba. A Disambar 2012 a garin Almere na ƙasar Holan, 'yan wasa masu shekara 15 zuwa 16 suka tattake wani mai ɗaga tuta, Richard Nieuwenhuizen, a wasan da ɗansa ke bugawa, washegari ya rasu. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure har da uban ɗaya daga cikin yaran.

In ka tambaye ni dalili, zan ce kuɗi da buri. Manyan kulob-kulob suna fara rubuta yara a makarantunsu tun suna shekara takwas zuwa tara, kuma masu farautar yara suna yawo a filayen unguwa. Uba ya ga wani baƙo da doguwar riga da littafi a hannu, shi ke nan hankalinsa ya tashi, kowace ƙwallo da ɗansa ya ɓarar sai ya ji kamar an ƙwace masa gida. Alhali cikin yaran da ke shiga makarantun nan 'yan ƙalilan ne ƙwarai ke cin abinci da ƙwallo, sauran ana sallamarsu kafin su kai ashirin.

Kowane wasa kuma da irin tasa cutar. A tanis na yara sau da yawa babu alƙali a kujera, yaran ne ke faɗin ko ƙwallo ta fita, sai ka ga uba a bayan waya yana yi wa ɗansa ido ya ce ta fita. A iyo babu ihu sosai, sai dai uwa da agogo a hannu da fuska a murtuke. Zari-ruga ta fi su ladabi ga alƙali, domin kyaftin ne kaɗai ke yi masa magana, wanda ya yi gardama kuma a mayar da ƙungiyarsa baya mita goma.

Mu kuma, gaskiya da wuya ka ga Bahaushe a cikin masu ihun nan, kuma ba don mun fi kowa haƙuri ba ne. Alkunya ce ta biyo mu. Kai ka sani, uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, ba ya shigar masa faɗa, ɗan fari ma ko sunansa ba a kira. Ranar da mai sunan Baba ya ci ƙwallo daga nesa, iyayen sauran yara suka yi ta tsalle suna bubbuga mini kafaɗa, ni kuwa na ce ma sha Allah a raina na dubi wani gefen. Wata Baturiya ta matso ta tambaye ni a hankali ko mun yi faɗa da yaron ne da safe. Yaran da aka haifa a nan ba su san wannan ba, wasunsu suna ɗauka ba mu damu da su ba ne, sai iyayensu mata sun zaunar da su sun yi musu bayani. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗi ba. Mutumin da ke jiran takardar zama ko fasfo ya san cewa mari ɗaya a bakin fili zai iya shiga takardunsa a wurin 'yan sanda ya ɓata masa shekarun da ya yi yana jira. Don haka ko an zagi ɗanka da launin fatarsa ko addininsa, kuma ana yi, sai ka haɗiye, ka gaya wa alƙali ya rubuta, ka kai ƙara ga hukumar ƙwallon yankinku.

Namu laifin a mota yake. Uban da ya yi tsit a fili, da an rufe ƙofa sai ya buɗe baki: me ya sa ba ka buga ba, ɗan wane ya fi ka zuciya, ni da na bar aikin dare na kawo ka. Tun daga fili har gida. Na san yaran da suka daina ƙwallo ba don koci ko abokan wasa ba, sai don wannan tafiyar ta minti ashirin. Wasu daga cikinmu ma zazzaɓin makarantun manyan kulob ya kama su, suna cire yaro daga Islamiyyar Asabar, suna sauya masa kulob duk shekara, suna kiran koci da dare suna tambayar me ya sa aka ajiye ɗansu a benci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar koci. Mun taso da cewa in ka kai yaro wurin malam ka miƙa shi ke nan, ba ka tambaya, in ya dawo da ƙorafi ma kai ne za ka ƙara masa. Wani ɗan'uwanmu da bai daɗe da zuwa ba ya kai ɗansa kulob, ya kama hannun koci ya ce masa in yaron ya yi taurin kai ya zane shi, ya ba shi izini. Kocin ya yi fari fat, ya rasa abin cewa. A ƙasar nan malami ko koci ba shi da ikon dukan yaro, a Sikotlan tun 2020 da Wales tun 2022 ma iyaye kansu doka ta hana su duka. Mun yi dariya a lokacin, amma wannan yardar ce mugun koci ke nema.

Ba zato nake yi ba. A Nuwamban 2016 wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, ya fito ya faɗi cewa kocinsa Barry Bennell ya yi lalata da shi yana yaro a kulob ɗin Crewe Alexandra. Daga nan ɗaruruwa suka biyo baya. Rahoton da lauya Clive Sheldon ya fitar a Maris na 2021, wanda ya duba shekarun 1970 zuwa 2005, ya nuna FA ta yi sakaci wajen kare yara. Bennell ya mutu a kurkuku a 2023. Yadda irinsu ke yi kusan ɗaya ne: su shiga jikin iyaye, su ce ɗanka na da baiwa, su riƙa ɗaukarsa a mota, su ce ya kwana a gidansu don gobe akwai wasa da wuri. Iyaye kuma suna godiya.

A wasan jimnastik, wato na lanƙwasa jiki da tsalle-tsalle, inda yawanci 'yan mata ƙanana ne, binciken lauya Anne Whyte da ya fito a Yunin 2022 ya karɓi bayanan mutum sama da 400 kan shekarun 2008 zuwa 2020. An samu kociyoyin da ke auna nauyin yara kullum, suna hana su abinci da ruwa da zuwa bayi a lokacin horo, suna sa su ci gaba da rauni a jiki, har da wanda ya zauna a kan yarinya 'yar shekara bakwai wai yana miƙar da ita. Wasu yaran ɓoye abinci suke yi a cikin safa. A wurare da yawa ba a barin iyaye su shiga kallon horo, waɗanda suka ga alamu kuma suka yi shiru don kada a cire 'yarsu daga ƙungiya. Sai a 2023 aka hana kociyoyi auna yaran. Duk wannan babu ihu babu dambe, ba wanda zai ɗauka a waya ya turo maka.

Don haka abin da muke yi yanzu a tsakaninmu, mu 'yan gidajen da yaranmu ke wasa tare, shi ne ba ma ajiye yaro mu tafi. Mun yi karɓa-karɓa, kowane horo akwai babba ɗaya daga cikinmu da zai tsaya har a tashi, ya kwaso yaran duka. Kafin a sa yaro a kulob sai mun tambayi wane ne jami'in kula da lafiyar yara, domin dole kowane kulob na yara ya kasance da shi, mu kuma tambaya ko kocin ya wuce binciken DBS, wanda ke duba ko mutum na da laifi a baya. Koci ba ya tura wa yaro saƙo kai tsaye, sai ta wayar iyaye. Matan ne suka fi mu tsayawa a kan wannan, su ne kuma suka fi iya zaunar da yaro su ji abin da ke cikinsa. Dattawanmu na nan da farko sun ce wannan rashin yarda da mutane ne. Mun ce musu kocin kirki ba ya jin haushin tambaya, kuma mun ga hakan, domin kocin su mai sunan Baba shi ne da kansa ya riga mu kawo maganar azumi, ya mayar da horo kusa da magariba a watan Ramadan, ya ce duk yaron da ya gaji ya zauna ba sai ya nemi izini ba.

A gaida Hajiya da yara. Ka ce wa Auta takalman da ya roƙa suna nan, sai an samu mai zuwa.