Amsa ga ɗan'uwan da aka cire daga gandu

Ɗan'uwa, salama. Ka ce baffanka ya nemi ka kawo jan zakara a yanka wa iskokin gida kafin shuka, ka ƙi, shi kuma ya cire ka daga gandu. Kana tambaya ko 'yancinmu cikin Almasihu ya kai a yi wannan asara dominsa.

Ya kai, kuma ka yi daidai. Amma ba zan ce maka da sauƙi ba. Mai iyali ya rasa gona ga damina a bakin ƙofa, abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Duba Galatiyawa 5:1, inda manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Galatiya su tsaya daram, kada su koma ƙarƙashin karkiyar bauta. Su kaciya aka matsa musu, kai zakara, amma tushen ɗaya ne: tsoron cewa aikin gicciye bai isa ba sai an ƙara wani abu. A kan wannan Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Bulus kansa sau 5 aka yi masa bulala 39 saboda bishara. In ka ba da zakara bana don a zauna lafiya, baɗi akuya za a nema, kuma 'ya'yanka suna kallo.

Sai dai kada ka yanke zumunci. Ka riƙa zuwa gaishe da baffa da safe, ranar gayyarsa ka fito da fartanyarka. Maganar gona kuwa, ka kai wa fasto da dattawan ikilisiya tun wannan Lahadi a nema maka aro, sannan ku je wurin dagaci kan rabon mahaifinka.