Ku Tambaya Mu Amsa: Kilishi zai iya hawa jirgi zuwa Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ɗana yana karatu a Ingila shi da iyalinsa, kullum kukansa abincin gida. Na tara masa kilishi da man shanu da daddawa da kuka da kuɓewa da yaji da wake kwano biyu, harda humra ta matarsa. Wani mutum a Kano yace in bashi kawai zai rubuta tufafi ne a jikin kwalin su wuce. Don Allah haka akeyi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yiwa yaron albarka. Magana ta gaskiya, kar ki bawa mutumin nan kayanki. Duk kwalin da zai hau jirgi ana buɗe masa takarda da 'yan kago, wato masu aika kaya ta jirgi, suke cewa webil, mai ɗauke da lambobi guda 11, an rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa da abinda ke ciki. Toh in aka rubuta tufafi kuma na'ura ko karen kwastam na can ya gano nama, sunan ɗanki ne a jiki, shi za'a nema, shi kuma mutumin Kano ya riga ya karɓi kuɗinsa yana gidansa. Yaro baƙo a ƙasar mutane yana zaune da bizar karatu, wallahi bai kamata a jawo masa wannan ba saboda kilishi.

Kinga Hajiya, abinda mutanenmu basu ganewa shine ƙofa biyu ce. Ta farko anan filin jirgin Malam Aminu Kano, inda kwastam da NDLEA zasu duba, da hukumar NAQS mai bada shaidar lafiyar tsirrai da dabbobi, sai NAFDAC in abincin sarrafaffe ne na sayarwa. Ta biyu tana can inda jirgin zai sauka, kuma su basu damu da cewa an barshi ya fita daga Kano ba, dokarsu suke bi.

Ingila bata yarda a shigo da nama ko kayan nono daga Najeriya ba, ko a jaka ko ta kago, ko ya bushe ƙarau. Kenan kilishi da man shanu sun fita, Amurka ma bata karɓar kilishinmu. Ba wai ƙyamarmu suke ba, tsoron cutar dabbobi ne, musamman ciwon baki da kofato da makiyaya ke cewa boru, a 2001 ya ɓarke musu a Ingila sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, duk mai kiwo yasan zafin wannan. Wake shima ki dafa abinki a gida, tun 2015 Tarayyar Turai ta hana busasshen waken Najeriya, lokacin Ingila tana cikinta, saboda yawan maganin fiya-fiya da ake zuba masa don kar ya yi ƙwari. Wannan kam laifinmu ne, kuma abin da yafi damuna shine waken da suka ƙi ɗin mu muke ci da 'ya'yanmu.

Kuka da kuɓewa da yaji da daddawa sun fi sauƙi tunda busassu ne, ki tabbatar sun bushe sosai babu ƙwaro ko ƙasa, a ɗaure kowanne a ledarsa a rubuta sunansa da abinda aka yi shi da shi da turanci, yaron makaranta ma zai rubuta miki. Humra kuma ki faɗawa kamfanin da zai aika miki tun kafin ki rufe kwali, turaren ruwa mai sifirit yana cikin kaya masu kama wuta a dokar jiragen sama, kayan hatsari ne kamar batirin waya da pawabank duk da ajinsu ba ɗaya bane, kamfanoni da yawa basa karɓa. Sannan ki sanar da ɗanki kyautar da ta wuce fam 39 zasu iya cajinsa haraji a can.

Ki nemi kamfani mai ofis da rasit, ki tura babban ɗanki ko ƙaninki ya tsaya a rufe kwalin a gabansa, kar a yarda a cusa saƙon kowa a ciki. Mutanen Kano da Jigawa basu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disamba 2018 ba saboda jakar tiramadol da aka liƙawa sunanta bata sani ba, sai a Afrilu 2019 aka sake ta.

TAMBAYA: Malam ni matashi ne daga Dawakin Tofa, na kai samfurin zoɓo kilo 8 zan aikawa wani ɗan kasuwa a waje akace in biya kuɗin kilo 20, cuta ce ko?

AMSA: Ba lallai bane ɗan'uwa. Jirgi wuri yake sayarwa ba nauyi kaɗai ba. Ana auna tsawon kwali da faɗi da tsayi a santimita a ninka su a raba da 6000, wasu kamfanonin aike ma da 5000 suke rabawa, duk wanda yafi yawa tsakanin wannan da na sikeli shi zaka biya. Kwali mai 60 da 50 da 40 kaga kilo 20 kenan ko iska ce a ciki, zoɓo kuma ga cika wuri ga rashin nauyi. Ka danne shi ka nemi ƙaramin kwali, kace su auna a gabanka. In mutumin ya yaba ya nemi buhuna toh ka manta da jirgin sama, zoɓon da ake lodi a Maigatari da Dawanau zuwa Meksiko kwantena yake shiga ta Legas, kuma a lokacin sai kayi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka.