Tambaya da Amsa: Ƙafa Uku Ta Hana Ni Gina wa Mahaifiyata Ɗaki

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga masu karatunmu da ke zaune a ƙananan garuruwan Amurka, kuma duk a kan hukumar gari suke kuka. Na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, shekarata tara a wannan gari. Mahaifiyata ta manyanta, hawa bene ya gagare ta, shi ne na yi niyyar ƙara mata ɗaki a ƙasa, a gefen gidan. Ofishin ba da izinin gini ya ce doka ta tanadi ƙafa 10 tsakanin gini da iyakar fili, nawa kuwa ƙafa 7 zai bari. Alhali garejin maƙwabcina saura ƙiris ya manne da shingenmu. Sun ce in nemi sassauci a gaban wani kwamiti. Wannan ba wariya ba ce? In na je me zan ce musu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya. Amma bari in fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Kwamitin nan halin filinka yake dubawa, halin da kai kake ciki ba ya cikin ma'auninsa. Da idona na ga haka.

Wata shekara da hunturu takarda ta iso mini ta gidan waya, wai za a saurari buƙatar wani a layinmu, duk mai magana ya zo. Na je don ganin ƙwaƙwaf. Ɗaki ne mai kujerun ƙarfe kamar hamsin, mu tara ne a kai. Mutum biyar na zaune a dogon teburi, babu mai albashin kirki a cikinsu, ɗaya ma da kayan aikinsa ya zo. Mai buƙata na farko ya tashi da hotunan 'ya'yansa huɗu, ya yi minti goma yana bayanin yadda gida ya yi musu kaɗan. Har ni sai da ya ba ni tausayi. Shugabar kwamitin ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi abu ɗaya: me ya bambanta filinka da na sauran mutanen layin? Ya yi shiru. Aka hana shi. Bayansa wata dattijuwa ta miƙa taswirar safiyo, shafi ɗaya tak. Filinta kamar yankan kankana yake, faɗi a gaba, tsukakke a baya, ga kwari ya ci kusurwa guda. In ta bi tazarar da doka ta ce, abin da zai rage mata ko akurki ba zai ɗauka ba. Ba ta yi minti uku ba, hannu biyar suka tashi.

Dalilin wannan tsauri yana cikin asalin dokar. Birnin New York ne ya fara kafa cikakkiyar dokar raba gari shiyya-shiyya a 1916, bayan da wani dogon bene mai suna Equitable, da aka kammala a 1915, ya tare wa maƙwabtansa rana da iska. Shekara goma bayan haka rigima ta kai Kotun Ƙoli daga ƙauyen Euclid na jihar Ohio. Kamfanin Ambler na da eka 68 a can, ya ce in masana'anta za a yi, kowace eka ta kai dala 10,000, amma da aka mayar da wurin na gidajen zama ba za ta wuce dala 2,500 ba. A 1926 alƙalai shida cikin tara suka ba ƙauyen gaskiya. Mai shari'a Sutherland, wanda ya rubuta hukuncin, ya yi misali da alade: a garke ba shi da laifi, a falo ne yake zama fitina. Tun daga ranar gari ya samu ikon ce maka ga abin da za ka gina a filin da ka saya da kuɗinka.

To amma doka ɗaya ba ta yi wa kowane fili daidai, kamar yadda riga ɗaya ba ta shiga kowa. Shi ya sa samfurin dokar da Ma'aikatar Kasuwanci ta fitar a shekarun 1920, zamanin Herbert Hoover na riƙe da ita, ya tanadi kwamitin mutum biyar mai ikon sassautawa, da sharaɗin huɗu su yarda. Har yau a jihar North Carolina kashi huɗu cikin biyar ake nema. Saboda haka ka fara tambayar ƙuri'a nawa ake buƙata a garinku. In ka iso ka tarar mutum huɗu ne kawai suka zo, kuma duka huɗun kake nema, ka roƙi a ɗage zaman. Sau da yawa ana yarda.

Sassaucin iri biyu ne. Akwai na awo, irin naka: tazara, tsayin gini, faɗin fili. Akwai na amfani, wato a bar ka ka buɗe kanti a shiyyar gidaje. Na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba, jihar Kalifoniya ma ta hana yawancin garuruwanta bayar da shi. Naka mai sauƙin ne. Abin da za su auna shi ne ko matsalar daga filin take, ko kai ka jawo ta da hannunka, ko ƙafa ukun ita ce mafi ƙanƙantar abin da zai wadatar, da kuma ko za ta cutar da maƙwabta. Kuma sassauci fili yake bi. Ko ka sayar da gidan ka tashi, ɗakin na nan a ƙafa 7 har abada, shi ya sa ba sa son jingina hukunci da lalurar mutum ɗaya.

Batun garejin maƙwabci kuwa, kada ka sa shi a bakinka kafin ka bincika. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Galibi irin waɗannan gine-gine sun girmi dokar, kuma doka na barin abin da ta tarar, sai dai ba a faɗaɗa shi. In ka shiga da zargin wariya alhali an gina garejin tun kafin a haife ka, ka zubar da darajar sauran maganarka. Takardun ginin suna ofishin, kana da haƙƙin gani.

Ga wata ƙofa da mai yiwuwa ba a nuna maka ba. Dokar tarayya ta adalci a harkar gidaje, bayan gyaran da aka yi mata a 1988, ta wajabta wa garuruwa su sassauta ƙa'idojinsu daidai gwargwado ga mai naƙasa in hakan ne zai ba shi damar zama a gidansa. A nan lalurar Mama ita ce hujja. Ka samo takardar likita da ke nuna ba ta iya hawa bene, ka rubuta buƙatar daban, ka ambaci dokar. Ni da ni ne, ta nan zan fara.

Sauran shiri kaɗan ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka biya safiyo ya auna maka. Ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcin da ɗakin zai matsa kusa da shi tun kafin takardar hukuma ta riga ka, don mutum na jin haushin ya ji labari a wasiƙa. In ya yarda ya rubuta layi biyu. Duk abin da kake so a sani ka faɗe shi a zaman, a rubuce, domin in ta kai ga kotu, abin da ke cikin fayil alƙali zai duba, kuma a jihohi da dama kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara. Kada kuma ka kuskura ka fara gini kana jiran izini. Wanda ya gina sannan ya zo neman afuwa, shi ake ce wa kai ka jawo.

Tambaya: Malam, ana shirin gina gidajen haya arba'in a bayan layinmu. Mu kuwa ruwan famfonmu da safe kamar hawaye yake zuba, in an yi ruwan sama layin ya zama tafki, motar share dusar ƙanƙara sai azahar take zuwa. Kansilanmu ya ce sababbin gidajen za su kawo haraji a gyara komai. In yarda da shi?

Amsa: Hajiya, rabin maganarsa gaskiya ce. Gidaje arba'in a dunƙule sun fi sauƙin hidima a kan arba'in a warwatse, domin bututu da kwalta da tsayi ake biyan su, kuma in masu biya suka yi yawa a kan gajeren bututu nauyin kowa na raguwa. Garuruwan da suka bazu da gida ɗai-ɗai a manyan filaye su ne ke kuka in lokacin sauya bututu ya zo. Don haka ni ban goyi bayan a ƙi gidajen don kawai sababbi ne ba.

Inda ya rufe ki shi ne kalmar "komai". Kuɗin gari ba a tukunya ɗaya yake ba. Harajin gidaje na shiga babban asusu, wanda ke biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da share tituna, kuma wani kaso mai kauri na abin da kike biya ma makarantu da gunduma ke ɗauka. Ruwan sha da magudanar ƙazanta kuwa a yawancin garuruwa asusunsu daban, da kuɗin bil ɗinku na wata ake riƙe su. Harajin sabon gini zai iya ƙaro motar share ƙanƙara, amma ba shi zai faɗaɗa bututun layinku ba, sai an rubuta hakan a wani wuri.

Batun sababbin gidajen kuma ba gaban kwamitin sassauci za shi ba in sauya wa filin shiyya za a yi. Hukumar tsara gari ce za ta ba da shawara, majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a, wato mutanen da ke neman ƙuri'arki. Ki je da tambayoyin da ke da amsa a lamba. Injiniyan gari ya auna ƙarfin ruwa a layinku, da ƙarfe nawa ya auna? Ruwan saman da zai gangaro daga sabon rufi da filin ajiye motoci ina zai nufa? Wa zai biya faɗaɗa bututu, mai gini ko ku? In an ce mai gini, ki nemi a sa shi cikin sharuɗɗan izinin, kuma a gama aikin kafin a ba kowa makulli. Alkawarin baki na tafiya da wanda ya yi shi ranar da ya faɗi zaɓe.

Kada ki raina ƙorafin famfo. A watan Afrilun 2014 aka mayar da garin Flint na jihar Michigan kan ruwan kogi don a rage kashe kuɗi, a ƙarƙashin manajan da jiha ta naɗa, ba a kuma sa maganin hana bututu tsatsa ba. Dalma ta shiga ruwan sha. Mazauna sun yi ta kai kwalaben ruwa mai launin shayi wurin taro ana ce musu lafiya lau, sai a Oktoban 2015 aka koma tsohon ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki riƙa rubuta rana da lokaci, ki ɗauki hoton layin in ya cika, ki aika a rubuce ki ajiye kwafi. Batun ƙanƙara kuma lokacin kasafin kuɗi ake yin sa, watanni kafin hunturu. Ranar da ta zuba, ihu bayan hari ne.

Tambaya: Malam, jama'armu ta samu wani tsohon shago za mu mayar masallaci. An ce wurin ajiye motocinmu bai kai ba. Mun ga kuma akwai ɗakin taro a layin da ba a nemi haka daga gare shi ba.

Amsa: Ɗakin taron nan shi ne hujjarku, ku riƙe shi da kyau. Akwai dokar tarayya ta shekarar 2000 da ta hana gari ya tsananta wa wurin ibada fiye da yadda yake yi wa wurin taron da ba na addini ba, ko ya fifita wani addini a kan wani. An gwada ta a garin Bernards na jihar New Jersey, inda aka yi zama 39 a kan buƙatar wata ƙungiyar Musulmi, aka nemi su tanadi gurbin mota 107 alhali da ma'aunin da ake yi wa coci 50 ne, daga ƙarshe aka hana su a Disambar 2015. Kotun tarayya ta ce an nuna bambanci, a 2017 garin ya amince ya biya dala miliyan 3.25 ya kuma bar su su gina.

Sai dai shekarun da suka ɓata ba su dawo ba, don haka kada kotu ta zama zangonku na farko. Maƙwabta ma suna da tasu gaskiyar, duk wanda ya taɓa ganin layi ranar Juma'a ya sani. Ku ƙirga motocinku da kanku Juma'a huɗu a jere, ku kai lambar gaskiya. Ku nemi wani coci ko ofis da ke kusa wanda filinsa ke zama fayau a wannan sa'ar, ku ƙulla yarjejeniyar aro a rubuce, garuruwa da yawa na karɓar irin wannan. Ku sa matasa biyu da riguna masu ƙyalli su tsaya bakin titi, kada wani ya tare ƙofar garejin mutane. Sannan ku rubuta wa ofishin, cikin ladabi, ku nemi su nuna muku sashen dokar da suka yi lissafi da shi, da kuma lissafin da suka yi wa ɗakin taron.